Da Mai Ganga Ya Zauna Shi Kaɗai

A watan Fabrairun 1981, makaɗin gangar wata shahararriyar ƙungiyar mawaƙa ta Ingila ya fitar da faifai da sunansa shi kaɗai. Ya cika bangon faifan da fuskarsa tun daga goshi har haɓa, hoto baƙi da fari, babu murmushi babu ado, bayanan da ke jiki ma da rubutun hannunsa ya yi su. Sunansa Phil Collins, ƙungiyar ita ce Genesis, faifan kuma Face Value. Ku da kuka yi samartaka ko 'yanmatanci a shekarun da rediyo mai kaset ke zama babbar dukiyar matashi, a Kano ne ko Kaduna, Zariya ko Jos, kun san muryar nan mai ɗan shaƙewa, kun san yadda take farawa can ƙasa-ƙasa har sai mutum ya miƙa hannu ya ƙara sauti, ko da kuwa ba ku taɓa riƙe faifan a hannu ba. Ku kuma 'ya'yanmu ta wata hanya kuka san shi: rugugin gangar nan da ake liƙa wa gajerun bidiyo a waya. 'Yan daƙiƙoƙi ke nan daga cikin kusan minti 48.

Asali ba don waƙa aka ɗauke shi ba. Ya shiga Genesis a 1970 yana ɗan shekara 19, aikinsa ya zauna can baya ya kaɗa ganga, gaban dandali kuwa na Peter Gabriel ne, mutumin da kan fito yau da kan yanyawa, gobe da shigar fure, yana rera dogayen waƙoƙi masu kama da tatsuniya, cike da sarakuna da dodanni da tashin duniya. Ɗaya daga cikinsu, "Supper's Ready" ta 1972, sai da ta ci kusan minti 23. Magoya bayansu mutane ne masu alfahari da cewa kiɗansu ba na kowa da kowa ba ne, sai mai haƙuri da zurfin tunani. Da Gabriel ya bar ƙungiyar a 1975 suka yi ta gwada mawaƙa ba su dace ba, daga ƙarshe mai gangar ya taso daga baya ya karɓi makirfo, jama'a kuma suka karɓe shi hannu bibbiyu. Sai dai ko a lokacin, galibin kalmomin da yake rerawa wasu ne suka rubuta.

Mutuwar aurensa ce ta mayar da shi marubucin waƙa. A 1978 Genesis ta yi doguwar tafiyar wasanni da ta cinye mafi yawan shekarar, Amurka, Turai, har Japan, aka bar mata a gida da yara biyu ƙanana. Kafin tafiyar ta ƙare zama ya yi tsami. Matar ta kwashe yara ta koma Vancouver a Kanada inda danginta suke, ya bi ta can biko, bikon bai yi ba, ya dawo Ingila a 1979 gwiwa a sanyaye ya tarar da gidansa na yankin Surrey babu kowa, abokan aikinsa biyu kuma, Tony Banks da Mike Rutherford, kowa ya duƙufa kan nasa faifan. Sai ya jera kayan kiɗa a ɗaki: fiyano, da rikoda mai layi 8, da wata 'yar na'ura ta kamfanin Roland mai suna CR-78 wadda ke kaɗa ganga da kanta. Ku duba fa, mutumin da ake lissafawa cikin gwanayen makaɗan Ingila ya bar wa inji ganga don hannuwansa su samu sukunin taɓa fiyano. Yakan kunna, ya buɗe baki, abin da ya fito shi ke nan. Ya sha faɗa cewa kalmomin "In the Air Tonight" haka suka zubo masa ba tare da ya zauna ya tsara su ba, kuma shi kansa abin da zai iya cewa game da ma'anarta shi ne fushi da ɗacin rabuwa. A daidai wannan lokaci abokinsa John Martyn, mawaƙi mai jita, shi ma aurensa ya mutu, Collins ya kaɗa masa ganga a faifansa Grace and Danger da ya fito a 1980, suna jajanta wa juna. Da lokacin shiga situdiyo ya yi, bai zubar da abin da ya ɗauka a gida ba, a kansa aka ɗora gini. Shi ya sa har yau wanda ya kasa kunne sosai zai ji kaɗaicin ɗakin nan a cikin sautin.

Don ku gane nauyin abin a kunnen mutanen wancan lokaci, ku ɗauka a ce Mamman Shata, da aka saba gani tsakiyar makaɗan kalangu da 'yan amshi yana wasa manyan mutane, wata rana ya sallame su duka, ya ari kuntigin Ɗanmaraya Jos, ya zauna shi kaɗai yana rera abin da ya shiga tsakaninsa da uwargidansa. Wasu za su matso kusa. Wasu za su sunkuyar da kai su bar wurin.

A Ingila ma an rabu, sai dai dalilinsu daban. Tsofaffin masoya Genesis bushe-bushen da ke cikin faifan ne suka fi tsaya musu a wuya. Collins ya ɗauko masu busa na ƙungiyar Earth, Wind & Fire, baƙaƙen Amurka, ya zuba su a "I Missed Again", ya kuma ɗauki "Behind the Lines", waƙar da Genesis ta yi a faifanta Duke a 1980, ya sake mata kama ta koma ta rawa. A wajensu wannan zubar da girma ne, an bar kiɗan masu tunani an koma na gidan rawa. Da suka ji irin wannan busa a faifan Genesis na gaba, Abacab, cikin wannan shekarar dai, sai suka ce ai ga shi nan, ya shafa wa ƙungiyar ma. Kasuwa kuwa ba ta bi ra'ayinsu ba. Face Value ya hau matsayi na 1 a Birtaniya ya yi mako 3 a can, ya kai na 7 a Amurka, inda daga baya cinikinsa ya kai kwafi miliyan 5. "In the Air Tonight" ta tsaya a na 2 a Birtaniya, wadda ta tare mata hanya kuwa ita ce "Woman" ta John Lennon, wanda aka harbe a New York a watan Disambar 1980, duniya na cikin makokinsa.

Mu a nan ba mu shiga wannan rigima ba, domin kaɗan ne cikinmu suka san Genesis balle su yi kishinta. Faifan ya fito ne a lokacin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja, ƙaramin ma'aikaci kan iya shiga kanti ya sayi faifan da aka buga a Landan, amma mafi yawanmu kaset muke kaiwa a ɗaukar mana. Za ka sayi sabo, TDK ko Maxell, ka ɓare ledarsa, ka kai wa mai rikodi a Sabon Gari, ka rubuta masa abin da kake so a 'yar takarda, ya ce ka dawo gobe. Shi kuma ya zaro faifan daga bangonsa ya riƙe ta gefe da tafin hannu biyu kada yatsa ya taɓa fuskarsa, ya share ƙura da ƙyalle mai laushi, ya ɗora allura, ya danna maɓallan nan biyu lokaci guda. A ɗaya gefen a saka maka Bob Marley, wanda ya rasu a watan Mayun shekarar, ko Don Williams, ko Commodores. Kaset mai lamba 90 minti 45 yake ɗauka a kowane gefe, faifan kuwa ya ɗan haura haka, saboda haka waƙar ƙarshe, "Tomorrow Never Knows" ta Beatles da Collins ya sake rerawa, takan yanke ana tsakiyar tafiya, maɓalli ya yi ƙara ya taso. Akwai waɗanda suka haddace faifan nan amma sai bayan shekaru suka san yadda yake ƙarewa, suka san akwai wani ɗan guntun tsohuwar waƙa da ya rera a hankali, ba kiɗa, bayan komai ya lafa. Wasu ma ta baya suka iso gare shi. Sai da suka ji "One More Night" da "Another Day in Paradise" a rediyo sannan suka koma neman na farko, lokacin an karya darajar naira tun 1986, faifai ya fi ƙarfin talaka, sai kwafin kwafi da sautinsa ya riga ya dusashe.

Kaset kuma ba ya yarda da gaggawa. Batir tsada gare shi, mayar da kaset baya ko tura shi gaba kuwa cin batir ne, don haka ko dai ka zare shi ka soka biro a ramin ka yi ta wulwulawa a iska, ko ka haƙura ka bar shi ya tafi yadda mai shi ya jera. Yawancinmu haƙura muke yi. Ta haka waƙar da ba ka so a makon farko takan zauna maka a kunne, ka ji ta kana guga, ka ji ta kana jiran a kawo wuta, ka ji ta a ɗakin aboki, har wata rana ka tsinci kanka kana ɗokin zuwanta; har "Droned" ɗin nan da ba ta da kalmomi, sai gogen wani Ba'indiye mai suna Shankar da gunjin murya, wadda masu son rawa ke cewa ɓata kaset ce, ita ma daga baya ta sami masu kare ta. Ra'ayi a kan faifai a hankali yake nuna, ana tafe ana sauya shi, kuma ba wanda zai saurare ka idan ka yanke hukunci a kan abin da ba ka juya gefensa na biyu ba. Yau yatsa ɗaya ke yanke hukunci, tun mawaƙi bai buɗe baki ba.

Gardamar da muka yi mu tamu ce, ita ce kuma ta fi tsaya mini a rai. A ɗakin kwanan ɗalibai, ko a dakalin ƙofar gida bayan isha'i, akan sami mutum ɗaya da kunnensa ya fi kama Turancin waƙa, shi ne tafinta, ana tsayar da kaset yana fassarawa, a sake kunnawa, a sake tsayarwa. Kafin fassara kowa na gyaɗa kai. Da an fassara sai wuri ya rabu biyu. Ka ji wani ya ce, "Haba malam, duk wannan kiɗan ashe ƙato ne ke kuka don mace ta tafi? Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Wani ya mayar masa, "To wanda ya yi shirun, ciwon ya warke ne?" Mun taso ne a gidajen da namiji kan rabu da matar da suka yi shekara da shekaru tare, gari ya waye ya saɓa babbar riga ya tafi kasuwa, a gaishe shi ya ce lafiya lau, ba wanda zai ji komai daga bakinsa har ya koma ga Mahaliccinsa; in za a gani sai dai a ramar wuyansa, ko a yadda ya rage hira, ko a daɗewar da yake yi a masallaci bayan kowa ya watse. Dattako muke kiran wannan, kuma lallai akwai dattako a cikinsa. To ga wani mutum daga wata duniya yana faɗa da bakinsa cewa an tafi an bar shi, yana fushi, yana roƙo, yana cika baki, yana sake roƙo, duk a faifai guda, bai ɓoye ko ɗaya ba. Abin ya ba wasunmu kunya, ya ba wasunmu sauƙi, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke jin duka biyun. Wanda ya fi kushe shi a dakali, shi ne zai ari kaset ɗin ya kwana da shi.

Sai kuma labarin nutsewa a ruwa, wanda kusan duk mai jin "In the Air Tonight" a wancan zamani ya sha shi. Wai Collins ya ga wani mutum ya tsaya yana kallo wani na nutsewa bai cece shi ba, wai ya yi shekaru yana nemansa, ya aika masa da tikitin zama a sahun gaba, ya sa aka haska shi da fitila, ya rera masa waƙar ido cikin ido. Babu intanet, babu wayar hannu, amma labarin ya ratsa ƙasashe daga baki zuwa baki, kowa na ƙara masa gishiri, har Eminem ya ambace shi a waƙarsa "Stan" a shekarar 2000. Collins ya sha ƙaryata shi. Ba a yi ba. A ganina, mutane sun ji nauyin fushin da ke cikin muryar ne suka kasa yarda cewa mutuwar aure kaɗai za ta iya haifar da shi, sai suka nemo masa gawa. Wanda bai taɓa shiga ba shi ke ganin saki ƙaramin abu ne.

Ita kuwa gangar da kuka sani tana da nata tarihin. A situdiyon Townhouse da ke Landan, lokacin da Collins ke kaɗa wa tsohon abokinsa Peter Gabriel ganga a faifansa na uku da ya fito a 1980, akwai wani makirfo da aka rataya don mai sarrafa sauti ya riƙa jin maganar makaɗa daga ɗakinsa. An haɗa shi da na'urar da ke ɗaga ƙaramin sauti ta danne babba, don a ji ko da raɗa ce. Wata rana aka buɗe shi Collins na cikin kiɗa, sai Hugh Padgham, mai sarrafa sautin, ya ji ganga ta cika wuri fiye da yadda ya taɓa ji. Suka haɗa da wata na'urar da ke datse amon ɗakin nan take, sai bugun ya zama yana kumbura ya ɓace kafin ƙiftawar ido. Wannan sautin Collins ya ɗauko, da shi Padgham ɗin kansa, ya kawo Face Value, daga nan ya bazu ya zama sautin gangar shekarun 1980 kusan gaba ɗaya. Amma a cikin "In the Air Tonight", jira ne ke ba shi ƙarfi. Kusan minti 3 da daƙiƙa 40 ake yi ana tafiya a duhu, 'yar na'urar Roland na ƙwanƙwasawa a hankali, murya na ƙara ɗaci, kana jin wani abu na tafe ba ka san ta inda zai ɓullo ba, sannan ganga ta faɗo. Idan aka yanke jiran aka miƙo maka bugun kaɗai, ƙara kawai aka ba ka.

Kada kuma mu ɗora wa yaran yanzu laifin rashin haƙuri su kaɗai. Tun a wancan lokacin Ahmet Ertegun, shugaban kamfanin Atlantic da ya fitar da faifan a Amurka, bai gamsu da wannan dogon jira ba, ya nemi a ƙara ganga tun da wuri, aka kuma ƙara a kwafin da aka fitar na waƙar ita kaɗai. Ta cikin faifan aka bari yadda take, ita ce kuma aka fi ji har yau.

Ni dai da za a tambaye ni inda zuciyar faifan take, gefe na biyu zan nuna. "You Know What I Mean" ba ta kai minti 3 ba, fiyano ne da gogen Turawa, mutum ne da ya fara sabawa da kaɗaici sai wadda ta tafi ta sake leƙowa, yana roƙon a ƙyale shi haka nan. "If Leaving Me Is Easy" kuwa tafiyar hawainiya take yi, busa na jan rai, Eric Clapton na taɓa jita can baya har da ƙyar ake jin sa, murya na hawa tana sirancewa. Waɗannan su ne waƙoƙin da muke cewa suna sa barci muna 'yan ashirin. A gefen farko ma akwai "The Roof Is Leaking", mai farawa da kukan gyare, labarin talaka da rufin ɗakinsa ke yoyo, sanyi ya matsa, matarsa na da ciki, yana jiran yanayi ya sauya. Wannan ba mu wahalar da tafinta a kanta ba, mun san gidan. Kuma abin da masu kiran sa faifan kuka kan manta shi ne ba duka ne baƙin ciki ba. "This Must Be Love" waƙar sabuwar soyayya ce, ta matar da ya haɗu da ita a 1980 ya aura a 1984, ya kuma ajiye ta daf da waƙar fushin, ta biyu a jeri. Haka zuciyar wanda gidansa ya watse take, safiya daban, yamma daban, shi kuma bai gyara jerin don ya burge kowa ba.

Shekaru suka yi aikinsu. Waɗanda muka yi gardamar nan da su sun yi aure, wasu sun yi saki, wasu sun je biko an rufe musu ƙofa, wasu sun binne abokan zama sun dawo sun tarar da takalmanta a bakin ƙofa, kuma cikin waɗanda Allah ya ja da ransu har suka yi furfura, maganar nan ta sa barci ta mutu da kanta. Faifan yana nan yadda aka buga shi a 1981.

Amma masu maganar kunya ma akwai inda gaskiyarsu ta fito, kuma mata ne suka fara hango wurin. Idan aka fassara musu waƙar tambayarsu ɗaya ce: shi me ya yi mata? Faifan nan shaidar ɓangare ɗaya ce. Da Collins ya je rera "In the Air Tonight" a shirin Top of the Pops na talabijin ɗin BBC, an ga gwangwanin fenti da buroshi a gefensa, jama'a suka ɗauka habaici ne ga wani mai fenti da aka riƙa alaƙantawa da rabuwarsu. Shi ya ce dacewa ce kawai aka yi, ita kuwa ta ce ta gane saƙon sarai, ya kuma yi mata ciwo. Bayan ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, Not Dead Yet, a 2016, ta fito fili ta ce labarin da duniya ta haddace game da aurensu ba haka yake ba. Shekara 35 ke nan miliyoyin mutane na sauraron ƙarar miji ba a kira matar ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, shi kansa ya amsa cewa yawon wasanni ya nisanta shi da gida. Ina son faifan nan ƙwarai, amma ba na ɗaukar sa hukuncin alƙali. Kukan mutum ɗaya ne, wanda ke da murya da kamfani da gidajen rediyo, ɗayar kuwa ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Daga baya ra'ayi ya sake juyawa, wannan karon a kan mutumin kansa. Ya yi yawa. "Against All Odds", wadda ragowar waƙoƙin wancan lokaci na kaɗaici ce, ta hau na 1 a Amurka a 1984. Faifansa na 1985, No Jacket Required, ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara. A ranar 13 ga Yulin 1985, a taron Live Aid na tara taimako ga masu fama da yunwa a Habasha, ya yi wasa a Wembley a Landan, ya hau jirgin Concorde ya sake yin wani a Philadelphia a rana guda. Duk tashar da ka murɗa shi ne. Zuwa shekarun 1990 'yan jarida da matasan mawaƙan Ingila sun mayar da shi abin ba'a, son waƙarsa ya zama abin da ɗan birni ke ɓoyewa. Baƙaƙen Amurka ba su bi su ba. An ɗora waƙar Tupac, "Starin' Through My Rear View", a kan kiɗan "In the Air Tonight", a 2001 kuma mawaƙa irin su Brandy da Lil' Kim suka haɗu a faifai guda na waƙoƙinsa mai suna Urban Renewal. Mu ma nan ba'ar ba ta iso mu ba. Direban tasi da tela da mai gabatar da shirin dare a FM ba wanda ya gaya musu an daina yayinsa, suka ci gaba da sakawa.

Yau "In the Air Tonight" na ko'ina, Face Value kuwa ba a maganarsa. A 2007 kamfanin Cadbury ya yi tallar cakulan da goggon biri zaune gaban ganga yana jiran bugun. A 2009 aka ga Mike Tyson na kaɗa ta a iska a fim ɗin The Hangover. A 2020 wasu tagwaye matasa daga garin Gary na jihar Indiana suka ɗauki kansu a bidiyo suna jin waƙar karon farko, ganga ta faɗo suka zabura, miliyoyi suka kalla, waƙar ta koma sahun gaba a cinikin iTunes tana da shekara 39. Na ji daɗin yaran nan, domin sun zauna sun yi jiran, kuma mamakin da ke fuskarsu irin namu ne sak. Sai dai abin da duniya ta tsinta daga ciki shi ne zaburar. Waƙar mutumin da gidansa ya watse ta zama ta shiga filin wasa da tallar alewa. Sauran waƙoƙi 11 ba mai tambayarsu.

Ba wai komai na da ya fi na yanzu ba ne. Kaset kan naɗe a cikin rediyo ya tsinke, ka zauna da reza da jan farce kana liƙawa, wurin da ka liƙa kuma waƙar ta yi giɓi har abada. Rana kan lanƙwasa faifai, aro kan cinye kaset, wanda ba shi da kuɗin batir kuwa sai dai ya raɓa da mai shi. Yaro a Maraɗi ko Kumasi yau zai ji faifan nan tas, har da ƙarshen da mu aka yanke mana, ba tare da ya roƙi kowa ba. Sai dai shi kaɗai zai ji shi, abu toshe a kunne, babu dakali, babu tafinta, babu wanda zai ce masa ƙarya kake.

Shi ma mai gangar ya tsufa. Ciwon jijiya da na baya sun hana shi riƙe sandunan kiɗa. A wasan Genesis na ƙarshe, ranar 26 ga Maris 2022 a Landan, a kujera ya zauna ya yi waƙa, ɗansa Nic ne a kan ganga, Peter Gabriel kuma na cikin 'yan kallo.

Ku 'yan zamanina, in akwai sauran kaset ɗin a ƙasan akwati ku ciro ku nuna wa yara, ku gaya musu ɓangaren da kuka tsaya a gardamar da wanda kuke a yanzu. Ku kuma yara, faifan na cikin wayarku, waƙa 12 ne. Ku sami dare ɗaya ku ji shi a jere tare da wanda zai iya musa muku, kuma kada ku tsallake ta 8 da ta 11.